Tsoho a Gida: Ribar da Ba Ta Shiga Littafin Ciniki

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a unguwar Yelwa, Mubi. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, har da 'yan ƙare-ƙaren da ya yi da baki.)



  

Da kwamiti ya aiko mini cewa ni zan yi magana a bana, sai na ce to, ai ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba. Karatuna bai wuce na Islamiyya da ɗan abin da na tsinta a zauren malamai bayan Magariba ba. Sana'ata sayar da atamfa da shadda, yau shekara talatin da 'yan kai ke nan. Suka ce ai shi ya sa, magana ce ta cikin gida. Saboda haka in kun ji ina ta kawo zancen jari da riba, ku yi mini uzuri, kowa da harshen sana'arsa yake magana.

Maganar ita ce ta tsofaffinmu waɗanda suka yi nisa ƙwarai, 'yan tamanin da 'yan casa'in, waɗanda sai an tayar da su, sai an zaunar da su, wasu ma sai an ba su abinci a baki. Dattijo mai shekara sittin da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa yana taya mu gardamar siyasa, wannan ba da shi nake ba, shi da sauransa.

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu mu Hausawan da ke zaune a nan, kuma kowa ya santa. Da zarar tsoho ya kwanta, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a taru a zaure a ce, "A mai da shi gida." Gida kuwa ana nufin wani ƙauye a ƙasar Kano, ko Katsina, ko Haɗeja, ko Damagaram, inda ya baro tun yana saurayi. A ɗauki shatar mota, a kwantar da mutumin da ko zama ba ya iyawa, a bi da shi ta Hong da Gombi a yi ta tafiya wuni sur, a kai shi a ajiye wa wani ɗan ƙaninsa. A bar buhun masara da 'yan kuɗi, a ce za a riƙa aike. Mu dawo kasuwa hankalinmu kwance, wai mun sauke nauyi.

Jama'a, wane gida? Mutumin da ya shekara sittin a Mubi, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, a nan ya binne abokansa, a masallacin unguwar nan yake da gurbinsa a sahun farko. Can ɗin da ake kira gida sa'o'insa duk sun rasu, gidan ubansa an raba gado ko an sayar, yaran da ke ciki ba su san shi ba sai a labari. Matar da za ta riƙa wanke masa zane ba ta taɓa cin ko goronsa ba. Sau nawa muka kai mutum haka, kafin wata biyu sai waya ta zo a ce a zo ta'aziyya? Na san kwana idan ya ƙare ba makawa. Amma kaɗaici ma ciwo ne, kuma yana saurin kayar da tsoho.

Ban ce kada a taɓa mayar da kowa ba. Idan tsoho da hankalinsa da bakinsa ya ce shi yana so ya je ya ƙarasa a mahaifarsa, kuma akwai wanda zai riƙe shi da gaske, to wannan haƙƙinsa ne, a cika masa burinsa. Wanda nake magana a kai shi ne wanda ba a tambaye shi ba, aka yanke shawara a zaure yana ɗaki yana jin muryoyi.

Ta fuskar addini malamai na nan zaune, sun fi ni sani, don haka ba zan daɗe ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, an haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah da bauta, kuma lokacin tsufa aka ambata ƙarara. Malamin da ya karantar da mu yakan tsaya a kan wata kalma guda a cikin ayar, wadda ke nuna cewa tsufan yana riskar su ne suna wurinka, a hannunka. Yakan dube mu ya ce, "To ku 'yan kasuwa, a wurinku aka ce, ba a wurin ɗan aike ba." A Risala kuma mun karanta cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, daidai da yadda ciyar da matarsa da ƙananan 'ya'yansa yake wajibi. Sai labarin Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman, da ke cikin Sahihu Muslim. Ya yi zamani da Manzon Allah (SAW) amma bai samu ganinsa ba, malamai suka ce hidimar mahaifiyarsa ce ta riƙe shi. Wannan bawan Allah, da ba shi da dukiya ba shi da sarauta, shi ne Sayyidina Umar yana halifa ya riƙa cigiyarsa cikin ayarin mutanen Yaman don ya roƙa masa gafara.

Wannan ladan lahira ke nan, kuma ba mai gardama a kansa. Inda nake so in tsaya shi ne ribar da ake gani tun a nan duniya, wadda mu 'yan kasuwa muke bari tana wuce mu saboda ba ta shiga littafin ciniki.

Amma kafin nan bari in faɗi gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jinyar tsoho aiki ne ja. Akwai fitsari, akwai bayan gida, akwai wanki kullum safiya. Akwai tashin dare sau uku sau huɗu. Akwai faɗa ba dalili, ka kawo kunu a ce ya yi zafi, ka fifita a ce ya huce. Ga kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota da na magani suka tashi, maganin hawan jini da na suga kuwa ba a fashinsa. Kunzugun manya, wanda muke kira famfas, ba kowane gida ke iya sayensa kullum ba. Duk wanda ya ce muku abin da daɗi ne kawai, to bai taɓa yi ba. Ni mahaifiyata tana ɗakin da ke kusa da nawa, shekarunta sun kusa casa'in, kuma shekara shida ke nan ba ta taka ƙafarta. Saboda haka abin da zan faɗa ba a rediyo na ji shi ba.

Riba ta farko, kuma wadda ta fi shafarmu mu baƙi, ita ce tsoho shaida ne. Bari in yi bayani. Yaranmu da yawa ba su san cewa lokacin da Nijeriya ta samu 'yancin kai a 1960 Mubi ba ta cikinta ba. Wannan yanki Jamusawa suka fara mulka, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin amana, ana ce da shi Arewacin Kamaru. Sai a watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka jefa ƙuri'ar raba-gardama: Nijeriya ko Kamaru? Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata. Abin da zai ba ku mamaki, a wannan zaɓe har mata sun yi ƙuri'a, alhali sauran matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai cikin shekarun 1970. Wanda ya kai shekara 21 kuma mazaunin yankin ne, shi ke da ikon jefawa.

To ku yi lissafi. Duk wanda ya tsaya a layi a wannan rana, yau ba zai gaza shekara 85 ba. Su ne waɗannan da ke kwance a ɗakunanmu muna cewa sun dame mu. Tsohuwar nan da kake gani ba ta iya ɗaga kofi, wataƙila da hannunta aka yanke hukuncin ƙasar da kake ciki. Ta ga Lardin Sardauna, ta ga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ta ga Gongola a 1976, ta ga Adamawa a 1991. Ranar da wani zai dubi ɗanka ya ce masa, "Ku yaushe kuka zo?" amsar tana bakin kakarsa. Ranar da yaro zai nemi takardar shaidar asali don makaranta ko aiki, a ce ya faɗi garinsu da unguwarsu da sunan kakan ubansa, ku gaya mini wa ake zuwa a tambaya? Na ga magidanci mai 'ya'ya bakwai yana zagaya gari yana neman wanda ya san sunan ƙauyen kakansa, saboda tsohuwar da ta sani an kai ta can nesa ta rasu, ba wanda ya zauna ya tambaye ta.

Haka nan zancen filaye da gidaje. Da yawa daga gidajen unguwar nan an saye su ne ko an ba da su da baki, a gaban jauro da shaidu, ba takarda. Inda iyaka ta tsaya, wa ya ba wa aro, wa ya biya wa bashi, wace rijiya ce ta haɗin gwiwa, duk yana kan tsofaffi. Rigimar da za ta ci kuɗin lauya shekara uku, tsoho ɗaya yana kashe ta da magana biyu in ana zuwa gaishe shi. Amma tsoho ba ya buɗe cikinsa ga wanda ya leƙo a tsaye ya ce "Sannu Baba, ya jiki" yana duba agogo. Wanda ke shafa masa man zafi a ƙafa da dare, shi ke jin waɗannan maganganu.

Sai zumunta. Ku lura da kyau, gidan da ke da tsoho ba ya rabuwa da baƙi. 'Yar da ke aure a Yola za ta zo, ɗan da ke Legas zai yi waya, jikokin da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ko a jami'ar jiha da ke nan garin za su biyo ranar Juma'a. Da Salla gidan ya cika. 'Yan'uwan da ba sa ga-maciji dole su haɗu a bakin gado ɗaya, kuma kunyar tsohuwa ta hana su ɗaga murya. Ranar da aka ɗauke ta, ku duba ku gani, cikin shekara biyu kowa ya kama gabansa. Mu da danginmu ke warwatse tsakanin nan da Kano da Kamaru, ba mu da wani ginshiƙi da ya wuce wannan.

Na ga amfanin haka da idona a shekarar 2014. Ba sai na tuna wa kowa ranar Laraba 29 ga Oktoba ba, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan. Kowa ya bar rumfarsa a buɗe. Wasu suka yi Maiha, wasu suka nufi Yola, wasu muka bi ta duwatsu muka tsallaka Kamaru. A wannan rana an ga 'ya'yan halak. Na ga mutum ya bar motar kaya ya goya ubansa. Na ga mata biyu suna tura surukarsu a baro. Na san waɗanda suka ƙi fita sam saboda tsohonsu ba ya ɗaukuwa, suka zauna da shi cikin wannan tashin hankali har sojoji da maharba suka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba. Mu kuwa da muka tsallaka, ba mu san kowa ba, kuɗin hannunmu ba su taka kara sun karya ba. Mahaifiyata, wadda a lokacin tana ɗan takawa da sanda, ita ce ta ce a kai ta Garwa, akwai 'yar ƙanwar kakarta da aka kai aure can tun kafin a haife ni. Ta faɗi unguwa, ta faɗi sunan maigidan da sana'arsa. Muka je muka tarar su duka sun rasu, amma da ta jero sunayen iyaye da kakanni, sai babban ɗan gidan ya fashe da kuka, ya buɗe mana ɗakuna biyu. Mu goma sha ɗaya muka zauna a gidan nan fiye da wata guda. Wadda muka ɗauka a matsayin kaya mai nauyi, ita ta sama mana wurin kwana.

Akwai kuma abin da tsoho ke yi wa yara. Yaranmu a nan suna tashi da Hausa da Fulatanci da Turancin makaranta, wasu har da ɗan yaren maƙwabtanmu Gude ko Fali ko Margi, kuma wannan arziki ne, ban raina ba. Amma Hausar asali, ta karin magana da tatsuniya da sanin yadda ake gaida babba, a ɗakin kaka ake samunta. Bayan wannan, yaron da aka saba aikensa ya kai wa kakansa ruwan alwala, ya zubar da fo, ya kama hannunsa zuwa inuwa, ba ya tashi da ƙyamar mai rauni. Kuma yana kallonka. Yadda ya ga kana yi wa ubanka, haka yake ajiyewa. Wannan adashi ne, kowa zubinsa zai kwasa.

Riba ta ƙarshe da zan ambata tana da wuyar faɗi a gaban jama'a. Da yawanmu mun tashi tsakaninmu da iyayenmu maza akwai nisa. Ba a zama tare, ba a hira, gaisuwa ce daga nesa a durƙushe. Wasu ma akwai 'yar ƙullalliya a zuci, ta rabon jari, ko ta fifita 'ya'yan wani ɗaki. Jinya tana narkar da wannan. Wani abokina a kasuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ce mini bai taɓa taɓa jikin mahaifinsa ba sai da ya shekara arba'in da biyar, ranar da ya fara yi masa wanka. Ya ce yana cuɗa masa baya sai ya ga tabon igiyar dako a kafaɗunsa, na lokacin da yake ɗaukar kaya a tasha kafin ya samu jari. A wannan wata da ya yi yana jinyarsa suka yi maganar da ba su yi ba a shekara arba'in, suka yafi juna, tsohon ya sa masa albarka da bakinsa. Wanda ya yi aike daga nesa, ko nawa ya aika, bai samu wannan ba.

Yanzu bari in juyo kanmu mu maza, kuma ku yi haƙuri. In an ce wane yana riƙe da tsohuwarsa, a gaskiya wa ke riƙe da ita? Matarsa ce, ko 'yarsa, ko wata ƙanwarsa da aurenta ya mutu. Mu namu shi ne mu ajiye kuɗin cefane mu fita tun da hantsi, sai bayan Isha'i. A waje a yi ta yaba mana, a ciki wata ke tsugune tana wanki. Malamai sun bayyana cewa shari'a ba ta ɗora wa mace jinyar iyayen mijinta ba. In ta yi, alheri ne ta yi maka, kuma ladan nata ne. To wanda ake yi wa alheri ba ya tsawa. Ka gode mata da baki, ka saya mata zane ba sai da Salla ba, ka sama mata mai taya ta aiki, ka bar ta ta je ganin nata iyayen, don ita ma tana da su. Kada kuma a cire yarinya daga makaranta a ce ita ce mai jinyar kaka, alhali ga samari zaune a bakin titi suna latsa waya.

Uba kuma namiji ne, al'aurarsa ɗansa namiji ya fi dacewa ya kula da ita. Ba girma ba ne ka bar wa matarka wankan mahaifinka. In ka makara rabin sa'a wajen buɗe shago, arzikinka ba zai gudu ba. Haka 'yan'uwan da ke nesa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai kuɗi ya ɗauki magani, mai lokaci ya zo ya karɓi kwana, ko sati ɗaya ne a wata uku, don na gida ya samu ya yi barci. Abin haushi shi ne wanda zai zo daga Abuja sau ɗaya a shekara, ya shiga ɗaki ya toshe hanci ya fara faɗa wai ba a kula da Hajiya.

Wani abu da ke raba mutane da tsofaffinsu shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan ɗanta, ta ce an sace mata kuɗi, ta ce ba a ba ta abinci ba alhali yanzu ta ajiye kwano, ta riƙa kiran mijinta da ya rasu shekara talatin. Jama'a, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke. Ba maita ba ce, ba kuma sharri take yi wa surukarta ba. Ina roƙon matasa musamman, in kun ga tsohuwa tana yawo a unguwa tana sambatu, ku kama hannunta ku nemi gidansu, kada wani ya fara kiran sunan da zai jawo a taru a kanta. A cikin gida kuma kada a yi gardama da ita. In ta ce an sace, a taya ta nema. Sau da yawa da yamma za ka ji mai wannan ciwo ta ɗaure ƙunshinta tana cewa za ta tafi gida, sai 'ya'ya su ce to ga shi ita ma tana so a mayar da ita. Gidan da take nufi shi ne na ƙuruciyarta, da uwarta a tsakar gida tana daka. Ko ka kai ta ƙauyen, gobe da yamma za ta sake ɗaure ƙunshi.

'Yan dabarun da muka koya da wahala, bari in faɗe su a gurguje. Wanda ke kwance a riƙa juya shi kamar kowace sa'a biyu, a tabbatar shimfiɗarsa a bushe take, in ba haka ba gyambo zai fito a ƙugu da duga-dugai, kuma warkewarsa aiki ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a zafin Maris da Afrilu a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba. Kunun gyaɗa da muka iya a ƙasar nan, da fura da nono mai ruwa-ruwa da tuwo mai laushi, sun fi masa nama mai tauri, sai dai mai ciwon suga a bi abin da likita ya ce. A zaunar da shi kafin a ba shi, kada ya shaƙe. A sa masa kujera mai rami a makewayi da abin dafawa, don faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu, daga nan kuwa sai kwanciya. Yanar ido ana cire ta a asibiti cikin ɗan lokaci, kada a ce tsufa ne a bar mutum cikin duhu. Azumi kuma, tsohon da ba ya iyawa an ɗauke masa, a ciyar a madadinsa mudu guda kowace rana kamar yadda ya zo a Risala, ya yi sallarsa a zaune ko a kwance, ya yi taimama in ruwa zai cuce shi. Wasunsu suna ƙi, sai an kawo liman ya lallashe su.

Kada mu zaci wani zai zo ya ɗauke mana wannan aiki. Fansho na ma'aikata ne, iyayenmu kuwa fatake ne da mahauta da maɗinka da dillalan shanu. Gaskiya ne a farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta kuma fara aiki a Abuja a 2021, amma tsakanin Abuja da ɗakin tsohuwarka akwai tafiya. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma abin ya dame su. A ƙasar Sin sai da hukuma ta sa a doka a 2013 cewa dole 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi. A Jafan, inda masu shekara 100 suka haura dubu 90, ana samun tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki sai bayan kwanaki a gane. Mu Allah Ya rufa mana asiri ba mu kai can ba, amma gidajen haya masu ɗaki biyu da tafiyar samari neman kuɗi sun fara nuna mana hanyar.

Akwai kuma waɗanda ba su da kowa. Kun san su: tsofaffin da suka zo garin nan ci-rani tun da jimawa, suka yi dako, suka yi ga-ruwa, suka yi gadi, ba su tara ba, 'ya'ya babu ko sun watse. Suna kwana a zaurukan mutane da rumfunan kasuwa. Waɗannan ba su da ɗan da za a yi wa wa'azi. Mu da muke kiran kanmu ƙungiya, mu ne danginsu.

Saboda haka ina miƙa wa kwamiti roƙo. A zaga unguwa a rubuta sunan duk tsohon da ke kwance, da wanda ba shi da mai kula da shi, mata su shiga gidaje su rubuta na mata. Daga kuɗin asusu a sayi keken guragu ko da biyu ne, da na'urar awon jini, a ajiye wurin ma'aji ana ba da aro da rubutu, in bukata ta ƙare a dawo da su. Muna da 'ya'ya masu aikin jinya a cikinmu, a roƙe su su ba mu yammacin Asabar ɗaya a wata su koya wa masu jinya yadda ake ɗaga mara lafiya da juya shi. Samari masu manyan wayoyi kuma, kowa ya je ya zauna gaban kakansa ya ɗauki maganarsa: daga ina aka taso, wace shekara, wa aka tarar, wa ya ba da masauki. A kawo wa sakatare a adana.

Ni na yi alkawarin keke ɗaya daga aljihuna, in Allah Ya yarda kafin ƙarshen wata. Wanda kuma yake da keke ko sanda ko katifar da tsohonsa ya bari, Allah Ya jiƙansa, kada ya bar su suna tsatsa a bayan ɗaki, ya ga ma'aji bayan an shafa addu'a.

Shugaban taro, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, a gafarce ni.